Wasiƙa zuwa ga Jami'ar Abdou Moumouni: a kafa sikeli a Harobanda

Zuwa ga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai,

Ina da roƙo guda, kuma zan faɗe shi tun da fari don kada ya ɓace cikin dogon zance. Ina roƙonki ki buɗe gasar rage shara. A soma tsakanin tsangayoyinki da gidajen kwanan ɗalibai, in ta kankama a kai ta tsakaninki da ƙannenki, jami'o'in sauran jihohi. Ke ce babba. A 1971 aka aza tubalinki, a 1973 kika zama cikakkiyar jami'a, kuma da wuya a sami mai riƙe da alli ko alƙalamin hukuma a ƙasar nan wanda bai sha ruwan unguwarki Harobanda ba, ko wanda ya sha bai koyar da shi ba. Abin da kika soma, saura za su bi.

Dabarar tana da asali. A 2001, a jihar Ohio ta Amurka, akwai jami'o'i biyu da suka daɗe suna hamayya a filin wasa, Jami'ar Ohio da Jami'ar Miami. Ma'aikatan da ke kula da shara a makarantun biyu suka lura ɗalibai ba su cika damuwa da ware shara ba, amma ba sa son abokiyar hamayya ta ka da su ko da a mene ne. Sai suka ce to, a gwada: wace makaranta za ta fi tara abin da ake iya sake sarrafawa, in an raba da yawan ɗalibai? Miami ta ci. Aka raɗa wa gasar suna RecycleMania, ta bazu har ɗaruruwan makarantun Amurka da Kanada suka shiga, yau kuma ana kiranta Campus Race to Zero Waste. Mako takwas ake yi, cikin Fabrairu da Maris. Kowane mako makaranta za ta auna takarda da kwali da kwalba da gwangwani da ragowar abinci da abin da ya tafi juji, ta aika da alƙaluma, a fitar da jeri kowa ya ga inda yake. Jami'ar Indunusiya ma tun 2010 take fitar da jerin jami'o'in duniya mai suna GreenMetric, kuma yadda makaranta ke yi da shararta yana cikin abubuwan da ake ba maki.

Ƙarfin abin yana cikin awon nan na mako-mako. Mun saba da ranar tsafta: a fito da tsintsiya da shebur da baro, a share, a tara, a ɗauki hoto, a watse. Aiki ne mai kyau, Allah ya saka wa masu yinsa. Sai dai bayan sati biyu wurin ya koma gidan jiya, kuma ba wanda zai iya gaya miki ko sharar bana ta fi ta bara ko ta ragu, domin ba a rubuta komai ba. Gasa tana tilasta rubutu. Wanda yake son ya ci dole ya san nawa yake zubarwa, wanda kuwa ya san haka ya soma tambayar daga ina take fitowa.

To amma kada ki ɗauko dokokin Amurkawa ki shimfiɗa su yadda suke, don za ki ba da kyauta ga wanda bai cancanta ba. Su can matsalarsu ita ce abu mai daraja yana tafiya juji: gwangwanin lemo, kwalba, takarda. Mu a Yamai abu mai daraja ba ya kwana a ƙasa. Robar ruwa mai murfi tana faɗuwa yaro zai ɗauke, a wanke ta, gobe ki gan ta cike da zoɓo ko kunun aya a cikin kula. Tsohuwar takardar darasi tana hannun mai ƙosai da mai tsire. Ƙarfe da dalma kuwa hanyarsu ɗaya, kasuwar Katako.

Ina so duk ɗalibin da zai shiga gasar nan ya je Katako ya tsaya wurin masu zubin tukunya ko da na awa guda. Zai ga an tara gwangwanaye da guntayen dalma na tsofaffin injuna, an zuba su cikin kasko bisa wutar gawayi, yaro yana juya ƙafar keke da aka mayar zugazugi. Gefe guda maƙerin ya cika akwati da damshin ƙasa, ya danna tsohuwar tukunya a ciki, ya daddaɓe, ya zare ta a hankali ta bar surarta. Ya kwashe dattin da ya taso a saman narkakkiyar dalmar, ya tsiyaya ta ta ɗan rami, ya jira kaɗan, ya fasa ƙasar, sai ga sabuwar tukunya tana tururi, saura gyaran baki da zarto. Kusa da shi wani yana buɗe tsohuwar gangar ƙarfe yana mayar da ita akwati ko murhu. Waɗannan mutane sun riga kowace gasa. In kika ce za a ba da maki kan nauyin gwangwani da ƙarfen da aka tara, abin da za ki yi kawai shi ne ki sa ɗalibai su yi tsere da 'yan jari-bola kan abincinsu, birni kuwa bai ƙaru da komai ba.

Akwai kuma maganar yashi. Duk wanda ya taɓa ɗaga kwandon shara a garin nan ya san abin da ke ba shi nauyi: ƙasar da tsintsiya ta kwaso. Gasar da ke auna nauyi ido rufe, wanda ya fi sharar tsakar gida da ƙarfi shi zai ci. Don haka sai an tankaɗe kafin a ɗora a sikeli, yashin ya koma inda ya fito.

In an cire abin da ake saye, an cire yashi, me ya rage? Leda. Baƙar ledar da ake ƙulla mana komai a ciki, daga tumatir na dala goma har zuwa shinkafa da wake mai zafi, da farar ledar fiya-wata. Ita ce ba mai saye, ita ce ba ta ruɓewa, ita ce iska ke rataye wa ƙaya da waya. Shan fiya-wata bai kai minti ɗaya ba: a ciji kusurwa, a tofar da ɗan guntun, a tsotse, a matse, a saki. Hannu ma bai san ya saki ba. Mu yi lissafi mai sauƙi. A ce mutum 10,000 ne kawai ke shan leda biyu a yini, alhali mutanen da ke shiga harabarki sun fi haka nesa, kuma a zafin Afrilu leda biyu ba ta kai mutum azahar. Leda 20,000 ke nan kowace rana. A dala biyar-biyar, jaka 500 ce take fita daga aljihun ɗalibai kullum. Amma in an tattara fankon ledojin duka an ɗora a sikeli, da ƙyar su wuce nauyin buhun siminti guda, don kowace ba ta wuce giram biyu ko uku ba. Kin ga ke nan abin da ya fi ɓata gari shi ne ya fi rashin nauyi. Dole a ware wa leda nata awo, da nata maki, kuma makin ya fi na kowane abu tsoka.

Ƙasarmu tana da doka a kan wannan. Doka mai lamba 2014-63 ta ranar 5 ga Nuwamba 2014 ta hana ƙerawa da shigowa da sayarwa da amfani da ajiye leda mara kauri. Shekara fiye da goma ke nan, kuma duk wanda ya ratsa Babbar Kasuwa ko ya leƙa kwarin Gunti Yena ya san inda dokar ta tsaya. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, kuma sun matsa har an ga bambanci a titunansu. Ni a ganina dokarmu ta rasa wuri guda ne da za a nuna wa mutane cewa ana iya rayuwa da ita. Harabarki tana da iyaka, tana da ƙofofi, tana da hukuma, masu sayar da abinci a cikinta sanannu ne, mazaunanta kuma masu karatu ne. In ba a iya gwada dokar a nan ba, ban ga unguwar da za a iya ba.

Sai dai kada a ɗora wa ɗalibi laifin ƙishirwa. Mutum ba ya sayen fiya-wata don yana son leda. Ruwa mai sanyi yake nema, wanda ya yarda da tsabtarsa, a kusa da shi. Saboda haka rabin gasar nan aikinki ne, Jami'a. Kafin a busa usur, a sami famfo mai aiki kusa da kowane babban ɗakin lacca, da randuna ko na'urar sanyaya ruwa a inuwa, kuma ɗaliban kimiyya da na likitanci su riƙa gwada ruwan suna liƙa sakamakon a jikin bango da kwanan wata, don mai sha ya sha da kwanciyar hankali. Daga nan ne za a iya ce wa ɗalibi ya zo da gorarsa, a ce wa mai abinci ta zuba a kwano. Wanda ya zo da kwanonsa a rage masa dala ɗaya ko biyu, kuɗin ledar da ba a ba shi ba. Tsangayar da ta ci ita ce wadda ledarta ta fi raguwa daga makon farko zuwa na takwas, in an raba da yawan mutanenta. Tsibin da ya fi girma bai kamata ya ci komai ba.

Na nace kan raguwa ne don duniya ta riga ta gwada ɗaya hanyar. Wani bincike da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa cikin dukan sharar roba da aka taɓa fitarwa, kashi 9 cikin 100 kaɗai aka sake sarrafawa. A 2018 da Sin ta rufe ƙofarta ga tarkacen robar ƙasashen waje, garuruwa da yawa a Amurka da Turai suka wayi gari da tulin robar da jama'a suka ware da kyakkyawar niyya, ba mai saye. Tarawa daban, sarrafawa daban. A nan Yamai akwai masu narka leda su gauraya da yashi su yi tubalin shimfiɗa hanya, kuma ya dace a sayar musu da abin da aka tara. Amma ɗaliban kimiyyar sinadarai su duba hayaƙin da masu wannan aiki ke shaƙa, su taimaka da murhun da ya fi aminci. Ƙona shara kuwa, a rubuta a dokar gasa cewa duk rukunin da ya cinna wa tasa wuta don ta ɓace daga lissafi ya faɗi a wannan mako. Hayaƙin leda guba ne, kuma asibitin Lamorde maƙwabcinki ne.

Ragowar abinci ita ce inda za ki fi samun riba cikin sauri. Ɗakin cin abincin ɗalibai yana fitar da ɓawon albasa da kabeji, ƙanzo, sauran shinkafa da miya. Itatuwan harabarki suna zubar da ganye. Tsangayar aikin gona tana da fili da dabbobi da malaman da suka san takin gargajiya ciki da bai. Tazarar da ke tsakanin kicin da ramin taki tafiyar baro ce. Masu lambu a bakin kogi, daga Lamorde har Saga, za su karɓi takin da hannu biyu in ba leda a ciki. Manomanmu sun daɗe da sanin darajar shara. Wani malamin Jami'ar Kyoto ta Japan, Shuichi Oyama, ya yi shekaru yana zama da manoma Hausawa a yankin Dogondutsi, ya ga yadda suke kwasar sharar gida su zuba a kan faƙo, ƙasar nan mai tauri da ko ciyawa ba ta fitarwa. Sharar tana tare yashin da iska ke kawowa, gara ta zo cin abin da ke ruɓewa ta huda ƙasa da ramukanta, ruwan sama ya sami hanyar shiga, ƙwayoyin da ke cikin sharar su tsiro. Ya ɗauki wannan ilimi ya gwada shi a filayen da aka killace, da sharar birni, faƙo ya yi kore har dabbobi suka sami kiwo. Mutum ya taso daga Japan ya koyi wannan a bakin manomanmu. Ɗalibanki sun fi shi kusa da su, wasunsu ma 'ya'yansu ne. Kuma suna iya ƙara abin da ya rage: shara wadda aka ware tun daga tushe, ba leda, ba batir, ba fasasshiyar kwalba. Duk mahaucin da ya taɓa farka tumbin akuyar gari ya ciro dunƙulen leda zai gaya miki dalilin.

A sa masu shara a gaba. Matan da ke riƙe da tsintsiya tun asuba da mazan da ke tura baro sun fi kowane farfesa sanin wace kusurwa ce ke cika, wace rana, da me. Su ne ya kamata su riƙe sikeli tare da ɗalibai, a rubuta sunayensu cikin rukunin da suke yi wa aiki, in an ci a raba kyautar da su. A ba su safar hannu da takalmi da takunkumi. Yaran da ke tsintar roba da gwangwani kuma, maimakon a kore su, a ware musu wuri da lokaci su zo su ɗauki abin da aka riga aka keɓe, ba sai sun tona juji da hannu ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce ɗalibin da ke jiran kuɗin tallafinsa, yake neman gadon kwana, yake tseren samun wurin zama a ɗakin lacca, ina ruwansa da ledar fiya-wata? Maganar tana da nauyi, kuma gasar shara ba za ta biya kowa tallafi ba. Amma ledar nan tana komowa kansa. Ita ke toshe magudana, ruwa ya kwanta, sauro ya yi ƙwai, zazzaɓi ya kwantar da shi cikin Agusta da Satumba. Harobanda kwari ce, kin fi kowa sani. A Satumbar 2020 kogin Isa ya kai tsayin da ba a taɓa aunawa ba a Yamai, madatsar Lamorde ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwannin wannan gaɓa, dubban mutane suka bar gidajensu. Leda ba ta fasa madatsa ba, gaskiya ne. Amma ko a daminar da kogi bai yi fushi ba, ruwan sama na neman hanyar fita, kuma tsawon kwanakin da zai yi a ƙofar ɗaki yana rataye da abin da ke cikin magudana. Ban da haka, jaka 500 ɗin nan ta kullum daga aljihun wa take fita?

Sunan da kike ɗauke da shi tun 1992 shi ma yana da abin faɗa. Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziks ne da ya dubi abin da kowa ke kuka da shi a ƙasar nan, wato rana, ya ce a auna ta a sa ta aiki. Daga 1969 ya jagoranci ofishin makamashin rana, ONERSOL, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki da zafin rana a nan cikin Yamai, kuma daga 1979 ya shugabance ki. Tun 1964, a littafinsa kan ilimi a Afirka, yake jayayya cewa makaranta ta tsaya da ƙafafunta a kan ƙasar da take, ta yi aiki da harsunan mutanenta da buƙatunsu. Littafin awon shara na mako takwas darasi ne irin nasa. Ɗalibin lissafi zai sami alƙaluman gaske, na labarin ƙasa zai zana taswirar jujin haraba, na tattalin arziki zai bi kilo ɗaya na dalma daga kwandon shara zuwa Katako ya ga hannu nawa ya ci abinci a kai, na shari'a zai bincika abin da ya hana dokar 2014 tafiya, na harsuna zai rubuta sanarwa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci. Kundin kammala karatu nawa ne ke kwance a nan?

Ga shawarata kan lokaci. Ranar 9 ga Fabrairu ta ɗalibai ce, ranar tunawa da 'yan'uwansu uku da aka harbe a gadar Kennedy a 1990, jinin da ya buɗe hanyar babban taron ƙasa na 1991. Wannan rana a bar ta da addu'a da juyayi, kada a haɗa ta da komai. Washegari, 10 ga Fabrairu, a kafa sikeli. Daga nan zuwa 7 ga Afrilu, ranar da Abdou Moumouni ya rasu a 1991, mako takwas ne cif. Lokacin ya dace ta kowace fuska: ana farawa da sauran sanyi a ƙare cikin tsananin zafi, lokacin da shan fiya-wata ke kai maƙura, don haka gwajin ba na wasa ba ne; kuma ana gamawa da sauran wata biyu kafin damina, isasshen lokacin yashe magudanu. Makon farko kada a ba kowa maki, a auna kawai a san daga inda aka tashi. Kowace Juma'a da yamma a liƙa jeri a ƙofar kowace tsangaya, a karanta shi a rediyo. Ƙungiyar ɗalibai ta zaɓi alƙalai, kowane rukuni ɗan wani rukuni ya auna masa.

In shekarar farko ta yi kyau, ki aika wa ƙannenki takardar gayyata: Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, André Salifou ta Damagaram, Djibo Hamani ta Tawa, Boubacar Bâ ta Tillaberi, da na Agadas da Diffa da Dosso. Jiha takwas, jami'a takwas. Mutanen da tun 1975 suke barin aiki su manne wa rediyo don jin jihar da za ta ɗauki takobin kokowa ba sa buƙatar a koya musu yadda ake kishin gida. Ɗan Maraɗi ba zai yarda a karanta a gidan rediyo cewa Damagaram ta fi shi tsafta ba, ɗan Dosso ba zai bar wa Tawa ba. Kyautar ma ta zama mai amfani: rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ko famfuna, a harabar wadda ta ci.

Abin da ake buƙata don somawa bai fi ƙarfinki ba: sikelin rataye irin na masu sayen ƙarfe guda ɗaya ga kowace tsangaya, rariya ta tankaɗe yashi, rabin ganguna masu fenti kala uku na leda da ragowar abinci da sauran tarkace, da littafi mai layi. Gangunan a Katako za a yanka su. Ina roƙon majalisarki ta sa maganar cikin ajandar zamanta na gaba, ta kira wakilan ɗalibai da shugabar masu shara su zauna a teburin.

Wassalam.

Naki,
wani mazaunin Yamai